Dankan na Biyu, Sarkin da Ya Komo Gida Yana Baƙo

'Ya'yana, ku matso ku ji labarin wani sarki na ƙasar Sikotlan, can arewa da Ingila, wanda mulkinsa bai wuce kamar wata shida ba. Sunansa Dankan na Biyu. Duk lokacin da na tuna shi sai tausayi ya kama ni, domin ba mugun mutum ba ne, kuma ina ganin masu irin halinsa cikin matasanmu.

Shi ne babban ɗan Sarki Malkam na Uku. A shekarar 1072, Wilyam na Nomandi, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekara shida kafin nan, ya taso wa Sikotlan ta ƙasa da ta ruwa. Malkam ya ga ba dama, ya tarye shi a Abernethy ya yi mubaya'a, aka karɓi ɗansa Dankan a matsayin jingina, don kada uban ya saɓa alkawari. Yaron yana da kamar shekara goma sha biyu. Ku duba ƙannenku masu wannan shekarun, ku ƙiyasta a ɗauke ɗaya a kai shi fadar da ba a jin harshensa, a ce ransa yana rataye da halin da ubansa zai nuna.

Can ya girma, cikin mutanen Nomandi masu magana da Faransanci, ya koyi hawansu da yaƙinsu da tsarin fadarsu. Da Wilyam ya rasu a 1087, ɗansa Robat ya sake shi, har ya naɗa shi barde. A nan ne nake so ku dakata ku yi tunani. An buɗe masa ƙofa, amma bai koma gida ba. Ya zauna yana yi wa sabon sarkin Ingila, Wilyam Rufus, hidima. Ba zan ɗora masa laifi duka ba, don ubansa ya riga ya auri wata mata, Margaret, ta haifa masa 'ya'ya maza shida, kuma mai yiwuwa Dankan ya ga an cike gurbinsa. Amma shekara shida ke nan da ya iya amfani da su ya zaga ƙasarsa, ya gaida dattawa, ya san hakimai su san shi, ya ci abinci a gidajensu. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ranar 13 ga Nuwamba 1093 aka kashe Malkam a yaƙi kusa da Alnwick, ɗansa Edwad ma ya rasa ransa a wannan yaƙin, Margaret ta bi su bayan 'yan kwanaki. Manyan ƙasa suka naɗa Donal Ban, ƙanen Malkam, abin da ya dace da tsohuwar al'adarsu ta ƙane ya gaji wa. Donal ya kori Turawan Ingila da suka cika fadar yayansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai lura inda zuciyar jama'a take.

Dankan bai lura ba, ko kuwa ya lura ya raina. Ya je gaban Rufus ya yi rantsuwar biyayya, ya tara rundunar mutanen Ingila da Faransawa, ya shigo a 1094 ya kori baffansa. Akwai takardar kyautar filaye da ya rubuta wa masu ibada na Durham, ciki har da Tyninghame, wadda ita ce takardar sarauta mafi tsufa ta wani sarkin Sikotlan da ta rage har yau. A cikinta ya jaddada cewa shi sarki ne ta hanyar gado. A jikin hatiminta kuwa ga shi nan bisa doki, da kwalkwali da mashi, sak barden Nomandi. Gadon nasa ne, ba shakka. Amma mutanen da zai mulka, da suka ɗaga ido, soja baƙo suka gani tafe da baƙi.

Ba a daɗe ba suka yi masa bore, suka karkashe mafi yawan mutanensa, shi ma da ƙyar ya sha. Sannan aka yi sulhu bisa sharaɗi ɗaya: zai ci gaba da sarauta in ya yi alkawarin ba zai sake shigo da mutanen Ingila ko Faransawa ƙasar ba. Ya yarda. To, da wa ya rage? Waɗanda suka kawo shi sun mutu ko sun tafi, waɗanda ya tarar kuwa bai taɓa shuka komai a wurinsu ba.

'Ya'yana, da yawanku za ku fita neman ilimi ko neman abinci a wata ƙasa, kuma ina sa muku albarka. Ku koyi duk abin da yake mai kyau a can. Sai dai kada ku yanke zumunci. Ku riƙa kira, ku riƙa aike, in an yi rasuwa a ji muryarku, in an yi suna a ga saƙonku. Ranar da kuka komo, kada ku fara da gyara mutane. Ku fara da gaisuwa da saurare. Idan wani babba a waje ya ɗaure muku gindi har kuka samu muƙami, ku gode masa, amma ku sani zai koma harkar gabansa, ku kuwa da maƙwabta za ku kwana. Kuma in kun samu saɓani da baffa ko ɗan'uwa kan gado, ku nemi dattawan gida tun kafin ku nemi na waje, ko da gaskiya tana hannunku. Gaskiyar Dankan ba ta tsare shi ba.

Ranar 12 ga Nuwamba 1094, shekara ɗaya ba kwana ɗaya da mutuwar ubansa, hakimin yankin Mearns mai suna Mael Petair ya kashe shi. Tsofaffin littattafan tarihi sun ɗora alhakin shirya kisan kan baffansa Donal da kuma Edmond, ɗan ubansa. Donal ya koma kan mulki, amma shi ma bai more ba: a 1097 Edga, wani ɗan Margaret, ya zo da taimakon Rufus ɗin nan ya tumɓuke shi, daga baya aka makantar da shi. Dankan ya bar ɗa guda, Wilyam, wanda ya zama babban jarumi a zamanin baffansa Sarki Dauda na Ɗaya, amma bai hau gadon ba. Zuriyarsa suka yi ta tayar da yaƙin neman sarautar kakansu daga arewacin ƙasar, ana murƙushe su, har zuwa wajen shekarar 1230 da aka ƙarar da su.