Mogambo Ba Amsa Ba Ce: Wasiƙun Masu Sauraro Kan Kacici-kacicin 'Yan Fim

Duk ranar Lahadi bayan la'asar, mai gabatar da shirin fina-finai a wani gidan rediyo yakan jefa wa masu sauraro kacici-kacici guda. Shi zai faɗi rawar da aka taka da fim ɗin da aka taka ta, su kuma su kawo sunan ɗan wasan. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, kamar yadda yara ke yi a dandali. A makon jiya bai fara da sabuwar tambaya ba. Ya ce wasiƙu da saƙonnin waya sun taru a gabansa, kuma rabinsu ƙorafi ne.

Ta farko daga wani tela take a Maraɗi. An tambayi wanda ya fito a matsayin mahaifin Simran a fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, dattijon nan mai zare ido da ya hana Shah Rukh Khan sakat. Telan ya amsa da Mogambo, aka ce ya faɗi. Shi ne ya rubuto yana neman ba'asi, domin kaf shagonsu, har da mai yi musu guga, babu wanda bai shaida cewa Mogambo ne ba.

Sai da mai gabatarwa ya yi dariya kafin ya amsa. "Malam, mutumin ka gane shi sarai, sunansa ne ya kuɓuce maka," in ji shi. Ya bayyana cewa Mogambo sunan bos ne a fim ɗin Mr. India na 1987, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni, Anil Kapoor da Sridevi suka ja ragama. Wanda ya sa rigar Mogambo sunansa Amrish Puri, ya rasu a Janairun 2005. Shi ne kuma Mola Ram, mugun bokan nan na fim ɗin Amurka Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984. Mutum ya yi fina-finai ɗaruruwa, ya yi uba, ya yi ɗan siyasa, ya yi attajiri, amma rawa ɗaya ta haɗiye masa suna a ƙasar Hausa. Garin dai da aka ci telan, an ci shi ke nan.

Daga nan ya ɗan karkata, ya ce abin da ya lura da shi tun da ya fara wannan wasa, ba a cika ɓata sunan jarumi ba, na bos ake ɓatawa. Ka tambayi duk wanda ya yi zamanin sinimar Plaza ko Orion ko Marhaba a Kano su waye Jai da Veeru a Sholay na 1975, nan take zai ce Amitabh Bachchan da Dharmendra, wataƙila ma ya ƙara da kirarin da 'yan kallo suka laƙaba wa Dharmendra, wato Sarkin Ƙarfi. Ka ce to wane ne shugaban 'yan fashin, sai ka ji "Gabbar Singh mana!" Amjad Khan, wanda ya rasu a 1992, sai an yi da gaske ake tuno shi da sunan yanka. A ganin mai gabatarwa wannan yabo ne, domin mugun da ya iya mugunta shi ne wanda mai kallo ya manta cewa wasa yake yi.

Wasiƙar da ta fi cin lokaci ta wata dattijuwa ce daga Zariya, wadda jikanta ya rubuta mata. Ta ce tun tana amarya take jin ana cewa a Indiya wata 'yar fim ta auri ɗanta, kuma abin ya daɗe yana damun ta. Shin gaskiya ne, ko ƙarin gishirin 'yan sinima ne?

"Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. Labarin ya samo asali ne daga Mother India na 1957, fim ɗin da tsofaffin 'yan kallo a Arewa suka haddace kamar tatsuniya. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, uwar da talauci da bashin mai ba da rance suka sa a gaba, wadda a ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar mutane. Sunil Dutt ne Birju. A zahiri su biyun sa'o'in juna ne, duk a 1929 aka haife su, kwalliya ce kawai ta tsofar da ita. Ana cikin ɗaukar fim ɗin wuta ta ƙwace a wurin, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da Nargis, shi ma ya ƙone. A 1958 suka yi aure. Ɗansu na fari shi ne Sanjay Dutt, wanda matasan Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin. Mai gabatarwa ya ce ke nan jita-jitar tana da tushe, illa dai uwar da ɗan na cikin majigi ne, mijin da matar kuma na duniya.

Da aka dawo kan fina-finan gida, sai lamarin ya ƙara cakuɗewa. Wani ɗalibi daga Wudil ya tambaya me ya sa ba a taɓa sa Ibro a kacici-kacicin ba, alhali babu ɗan wasan Hausa da ya kai shi shiga gidaje. Amsar ta zo a taƙaice: yaya za a tsara tambayar? In aka ce wane ne ya fito a matsayin Ibro, kowa zai ce Ibro. Marigayi Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan a jihar Kano, wanda ya yi aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi, ya shafe shekaru yana ɗaukar suna ɗaya daga wannan fim zuwa wancan, har ranar da ya rasu a Disambar 2014 da sunan aka yi ta sanarwa. Haka Samanja Mazan Fama. Usman Baba Pategi tsohon soja ne na gaske, ya ɗauki Hausar bariki ya mai da ita abin dariya a rediyo da talabijin na Kaduna, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa a Nuwambar 2023 mutane ƙalilan ne ke kiran sa Usman.

Fina-finai masu dogon zango sun ƙara wa abin ƙarfi, domin mai kallo yana ganin mutum ɗaya da suna ɗaya mako bayan mako. Daɗin Kowa ya fara a tashar Arewa24 a 2015, kuma tun daga lokacin Ɗan'azumi Baba ya zama Kamaye, duk da cewa marubucin littattafai ne tun kafin a san da garin Daɗin Kowa. Sani Mu'azu ya daɗe a harkar fim, har shugabancin ƙungiyar masu shirya fina-finai ya riƙe, amma yaran yanzu Bawa Maikada na Kwana Casa'in suka sani. Wasu ma sunan fim ɗin ne kacokan ya manne musu, irin su Rukayya Dawayya. Mai gabatarwa ya ce shi kansa akwai 'yan wasan da sai ya duba takarda kafin ya faɗi sunansu na asali, kuma bai ji kunyar faɗin haka ba.

Saƙon ƙarshe daga wata budurwa yake a zangon Kumasi, kuma da zafinta ta zo. An tambayi wadda ta fito a matsayin Sumayya a Labarina, shirin Aminu Saira. Ita ta ce Fati Washa, aka ba wani da ya ce Nafisa Abdullahi. Ta ce ita da idonta ta ga Fati Washa ana kiran ta Sumayya, to ina adalci?

A nan mai gabatarwa bai yi gardama ba. "Ƙanwata, kin fi ni gaskiya," ya ce. Nafisa Abdullahi ce ta fara ɗaukar rawar lokacin da shirin ya soma a 2020, ta yi zangunan farko, da ta bar shirin kuma Fati Washa ta karɓa. Sumayya biyu ce ke nan, kuma laifin na wanda ya tsara tambayar ne da bai faɗi zangon da yake nufi ba. Tunda doka ta ce wanda ya faɗi ya ba da gari, shi ma ya miƙa wuya: ya ba ta Kano da kewaye, ya ce in ta zo karɓa kada ta manta da tsarabar goro.

Saura minti biyu a rufe shirin ya jefa tambayar mako mai zuwa, wadda ya ce ta masu kallon Indiya-Hausa ce. A fim ɗin Baahubali, kashi na farko a 2015, na biyu a 2017, Prabhas ne ya fito a matsayin uba kuma ya fito a matsayin ɗa, wannan kowa ya sani. To wane ne tsohon bawan nan mai sanƙo da farin gemu, amintaccen gidan sarauta, wanda ya soki ubangidansa ta baya? Ya ja kunnen telan Maraɗi da mutanen shagonsa tun da wuri cewa duk wanda ya rubuto Kattappa, ya haɗo da garin da zai bayar a cikin wasiƙar.