Ruwan Dahuwa

Akwai wani sinadari cikin abinci wanda ake kira fotasiyam. Ido ba ya ganinsa, amma da taimakonsa zuciya ke bugawa daidai, tsoka kuma ta motsa. Yaron da zawo ya kama yakan yi hasararsa da yawa, har gaɓoɓinsa su saki.

Ana samunsa cikin wake, da dankali, da gyaɗa, da alayyafo, da dabino. Ayaba guda tana da wajen miligiram 400, babban mutum kuwa yana bukatar kamar 3,500 kowace rana.

Amma fa fotasiyam yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri. Wadda ta dafa alayyafo ta zubar da ruwan, ta ba ƙasa rabon 'ya'yanta. Gara ta juye shi cikin miya.