Darasi: Mi wuta take ci, mi take bari a gona?

Ƴan'uwa manoma, lokacin sharar gona ya kusa. Da yawa cikinmu za su tara karan hatsi su cinna mishi wuta. Kafin mu ƙyasta ashana, mu duba aikin da wuta take yi.

Wuta ba ta ci sai da iska. Ku kunna kyandir, ku kife mishi kwalba mai faɗin baki. Ba da jimawa ba zai mutu. Domi? Cikin iska akwai wani sashe da masana suke kira okisijan, wajen kashi 1 cikin 5. In ya yi ƙaranci, wuta ta mutu.

Cikin kara akwai karbon, shi ne baƙin nan na gawayi. In kara yana ƙonewa, karbon yana gamuwa da okisijan, su zama wata iska marar launi, ta tashi sama tare da tururin ruwa. Wannan gamuwa ita ke ba da zafi.

Ku auna busasshen kara kilo 10, ku ƙone. Da wuya tokar ta kai kilo 1. Sauran ya bi iska.

Cikin abin da ya tafi akwai azot, abincin da ke sa ganyen hatsi ya yi kore shar. Shi ne muke saye da kuɗinmu cikin farin takin zamani mai suna ure: buhun kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23. Mai ƙona kara yana aika nashi azot sama, sannan ya je kasuwa neman wani.

Toka kuwa tana riƙe da potas. Shi mata suke tacewa su yi sabulu. Shuka tana son shi, amma a fili iskar bazara takan kwashe toka.

In kun bar kara shimfiɗe bisa ƙasa, zai tare rairayin da iska ke kawowa. Gara za ta ci shi, ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga.

Bana ku gwada: gefe guda ku ƙone, gefe guda ku shimfiɗa kara. Da kaka ku ƙirga dammunan kowane gefe. Tokar murhu kuma ku kai ta gona.

Tambayoyi
1. Mi ya kashe kyandir cikin kwalba?
2. Wane abincin shuka ke bin hayaƙi?
3. Wane ne ke saura cikin toka?