Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tanadin Ma'aikata Tun da Sauran Lokaci

A zamanin fatake, ayarin da zai bar Kano zuwa Salaga sayen goro ba ya ɗaura kaya sai madugu ya san jagabansa, da uban dawakinsa, da malamin da zai riƙe masa lissafi. Tafiya ce ta watanni, ba a kuwa neman jagaba a tsakiyar daji. Abin mamaki, yau sai ka ga makaranta ko asibiti ba su tuna da ɗaukar ma'aikaci sai ranar da kujera ta zama wayam.

Ya kamata shugabanni su sani, yawancin guraben nan ba kwatsam suke faɗowa ba. A Gana ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne da shekara 60, ranar haihuwarsa kuma tana cikin fayil. Hedimasta a Makango ko mai kula da asibiti a Yendi zai iya buɗe fayilolin nan a yau, ya rubuta sunan duk wanda zai tafi nan da shekara biyar, da aikin da zai bari.

To, a dubi tsawon hanyar samun magaji. Tun 2018 ɗalibin kwalejin malamai, kamar ta Bagabaga a Tamale ko ta Gbewaa a Pusiga kusa da Bawku, shekara huɗu yake yi, ga jarrabawar lasisi, sannan hidimar ƙasa ta shekara guda. Bayan haka hukumar ilimi ko ta lafiya ba ta ɗaukar kowa sai Ma'aikatar Kuɗi a Accra ta ba da izinin biyan albashinsa, izinin nan kuwa yakan yi nawa. Wanda ya jira sai ranar ban kwana, ajinsa zai daɗe ba malami. Mun dai gani a 2017 da aka buɗe sakandare kyauta: ɗalibai suka yi yawa, har a 2018 aka raba su suna shiga makaranta bi da bi, aka shiga neman ƙarin malamai.

Babbar matsalar ƙasarmu ma ita ce riƙe wanda aka turo. Saurayi ya taso daga Kumasi, ya kwana a Yeji yana jiran jirgin fito, ya sauka Makango da akwatinsa, ya tarar ba ɗakin kwana. Kafin wata uku yana rubuta takardar neman canjin wuri, kuma ba laifinsa ba ne. Saboda haka masauki da ruwan sha suna cikin shirin ɗaukar ma'aikata. Haka ma harshe: ungozomar da ba ta jin Gonjanci ko Hausa a Salaga, ko Dagbanci a Yendi, sai da tafinta za ta ji ciwon mai naƙuda.

Maganin da ya fi ɗorewa a ganina shi ne ɗan gida. Ga kwalejin jinya da ungozoma a Kpembe, dab da Salaga. Majalisar gunduma da sarakunan zango da 'yan kasuwa su zaɓi yara masu ƙoƙari tun suna sakandare, su ɗauki nauyin karatunsu, da sharaɗin za su dawo su yi aiki na wasu shekaru. A zaɓa bisa cancanta, ban da ɗan wane da ƙanin wane. Sharaɗin kuma a rubuta shi a takarda, yaro da waliyyinsa su sa hannu a gaban shaidu.