Idan Keken Lantarki Ya Yi Nauyi Ko Ya Fara Ƙara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekuna masu caji suka fara yawa a unguwarmu. Yayana yana da ɗaya, da shi yake kawo ni makaranta kafin ya wuce kasuwa. A hutun da ya wuce keken ya fara gurnani yana fizga, daga baya ko tura shi sai da ƙyar. Wani ya ce masa sai dai ya sayi sabon inji. Kawunmu mai gyaran babur ya hana, ya ce a bincika tukuna. Ni nake miƙa masa sifana ranar, ga kuma abin da na koya.

Yawancin waɗannan kekuna injinsu yana tsakiyar taya, galibi ta baya. Iri biyu ne. Akwai ƙarami mai giya a ciki, haƙoran giyar na roba ne mai tauri. Shi wannan idan ka juya tayar gaba za ta tafi sakayau, idan ka juya ta baya za ka ji ɗan nauyi, kuma wannan ba matsala ba ce. Akwai kuma babba marar giya, wanda mayen ƙarfen da ke cikinsa ke sa a ji ɗan riƙewa gaba da baya. Sai ka san irin naka kafin ka ce ya lalace.

Kafin komai, kashe keken ka cire batir. Batirin yawanci bolt 36 ne ko 48, kuma idan wayoyinsa suka haɗu zai iya yin tartsatsi ya ƙona hannu. Daga nan sai a bi waɗannan matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

1. Ɗaga tayar sama ka juya ta da hannu, ka kasa kunne. Idan ka ji shuu, shuu a wuri ɗaya duk zagaye, birki ne ke goga, ko faifan birkin ya lanƙwashe. Duba kuma ko tayar tana taɓa jikin keken, ko iskarta ta ragu.

2. Matsa wayoyin ƙarfen da ke riƙe da tayar biyu-biyu da yatsa. Wanda ya saki yakan yi ƙas, ƙas idan an hau keken. Duba notin da ke ɗaure tayar, domin ƙarfin inji yana iya kwance shi.

3. Kama tayar ka girgiza ta hagu da dama. Idan tana rawa, ko kana jin kamar akwai yashi a ciki idan tana juyawa, boris ne ya cinye. Ruwan damina da ƙura su ne ke kashe boris.

4. Yanzu zare soket ɗin da ya haɗa inji da kwantirola, wato ɗan akwatin da ke raba wa injin wuta. Sake juya tayar, idan mai giya ne ka juya ta baya. In nauyin ya ɓace, laifin na kwantirola ne. In yana nan, to yana cikin injin ko wayarsa.

5. Duba wayar injin a daidai inda ta fito daga ƙarfen tsakiyar taya. A cikinta akwai wayoyi uku masu kauri, yawanci ɗorawa, kore da shuɗi. Idan biyu suka goge suka taɓa juna, tayar za ta riƙe kamar an matse birki. Dalili shi ne inji idan ana juya shi yana samar da wuta kamar janareta, wutar kuma sai ta zagaya cikinsa tana hana shi juyawa. Akwai kuma siraran wayoyi biyar da ke sanar da kwantirola inda tayar ta kai a juyawarta. Idan ɗaya ta tsinke, keken zai riƙa kakkarwa da gurnani lokacin tashi.

Idan duk waɗannan lafiya suke amma mai giya yana ƙara kamar injin markaɗe, mai yiwuwa haƙoran giyar sun karye ko giris ya bushe. Buɗe inji aikin bakanike ne, ba namu ba, domin mayen ƙarfen na iya datse yatsa.

A keken yayana, wanda marar giya ne, a mataki na biyar aka kama ɓarawon. Keken ya taɓa faɗuwa ta gefen wayar, robarta ta yage, wayoyi biyu suna taɓa juna. Kawu ya raba su, ya naɗe kowace da kyau, tayar ta koma juyawa lafiya. Ya ce da Yaya ya ci gaba da murɗa totur a haka, da kwantirolar ma ta ƙone. Kuɗin sabon inji kuwa suka zauna a aljihu.

Saboda haka idan keken gidanku ya sauya murya, kada a ci gaba da hawa, kada kuma a yi gaggawar sayen sabon kaya. A kashe shi, a ɗaga taya, a saurara.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.