Igiyar da ke Kifar da Jirgi a Damina, Daga Nesa Take Zuwa

Aikina shi ne koyar da direbobin ƙananan jiragen ruwa a Legas, kuma cikin masu zuwa wurina akwai 'yan Arewa da dama. Wasu 'ya'yan Sarkawa ne daga Yawuri, wasu sun yi su a Kainji ko Baga kafin neman abinci ya kawo su bakin teku. Sun iya ruwa, wannan ba a ja. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ƙa'idar da suka taso da ita: a dubi sama, in babu hadari babu iska, to ruwa lafiya lau. A kogi da tafki haka ne. A tekun Atlantika kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wannan ƙa'ida tana cin rayuka.

Ga dalili. Lokacin da muke damina, kudancin duniya hunturu ake yi. Can tsakanin Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu, guguwa ke bin guguwa a kan teku. Guguwar takan mutu a can, amma igiyar da ta tayar ba ta mutuwa. Sai ta kamo hanyar arewa, babu wata ƙasa da za ta tare ta, ta yi tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin kusan mako guda, ta iso gaɓar Akara, Lome, Kwatano da Legas. Duk wanda ya taɓa ganin rafi ya kawo ruwa a garin da ko yayyafi ba a yi ba, ya fahimci zancen: an sha ruwan a wani wuri, ku kuka ga ambaliya.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayin teku, akwai kuma manhajoji irin su Windy a waya. Na lura almajiraina lamba biyu suke dubawa, ƙarfin iska da tsayin igiya, su tsallake ta uku. Ta ukun nan ita ce tazarar sakan tsakanin igiya da mai bi mata, kuma a damina ita nake fara dubawa. Igiya mai tazarar sakan 6, wadda iskar kusa ta tayar, nisan da ke tsakanin ƙololuwarta da na gaba bai kai mita 60 ba. Tana jijjiga jirgi, tana jiƙa fasinja, amma kowa na ganinta, kowa ya shiga taitayinsa. Mai tazarar sakan 14 kuwa ta haura mita 300. A ruwa mai zurfi da ƙyar za ka ji ta, sai dai jirgi ya ɗaga a hankali ya sauka a hankali. Da ta iso inda ruwa bai da zurfi, ƙasa ta riƙe mata gindi, duk ruwan da ke bayanta ya taru wuri guda, sai ta miƙe tsaye ta karye. Wadda aka rubuta mita 1.5 tana iya haura mita 2 a bakin gaɓa, kuma jirgin da ta samu a gicciye ba ya tashi.

Shi ma tsayin da ake rubutawa a hasashe yana da abin lura. Matsakaici ne na kashi ɗaya cikin uku na manyan igiyoyi, ba mafi girmansu ba. A cikin yini za a iya samun guda da ta kusa ninka shi. Ga shi kuma irin wannan igiya rukuni-rukuni take zuwa, wasu manya a jere, sannan ruwa ya lafa kamar an gama. Shi ya sa nake tsayar da kowa a bakin ruwa na minti 15 kafin a tura jirgi. Wasu kan ga kamar ɓata lokaci ne, har sai sun ga rukunin farko ya wuce da idonsu.

Wuri mafi haɗari a Legas shi ne mashigin da tafkin Legas ke haɗuwa da teku, tsakanin katangun duwatsu biyu, kusa da Tarkwa Bay. Sau biyu a yini teku yana cika yana janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Idan yana janyewa, ruwan tafki na fita da gudu, a damina kuma kogin Ogun da sauran koguna sun ƙara masa nauyi. Nan zai yi karo da igiyar da ke shigowa daga kudu, ta takure, ta ƙara tsayi, ta riƙa karyewa inda ɗazu ba komai. Wanda ya fita da safe ruwa shimfiɗe zai iya dawowa da azahar ya tarar da mashigin ya sauya kama. A nan ne inji kan mutu, sau da yawa saboda ruwan sama ya shiga fetur. Ka tsara ƙetarawarka ta zo daidai lokacin da cikar ta kusa kai ƙarshe. Anka da igiyarsa su kasance a shirye a gaban jirgi, ba a ƙarƙashin kaya ba. Fetur kuma ka kasa shi uku: na zuwa, na dawowa, da wanda ba a taɓawa sai dole.

Mu masu lissafi da watan Musulunci muna da wata riba a nan. Cika da janyewa sun fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15. Ke nan ƙaramar Sallah kullum tana faɗowa a kan ruwa mai ƙarfi, a daidai ranakun da jama'armu daga Agege, Idi-Araba da Obalande ke cika jirage zuwa yawon Sallah. A ƙarshen azumin 2012, cikin watan Agusta, teku ya haura gaɓar Kuramo ya tafi da mutane fiye da 10.

Batun iska ba sai na tsawaita ba. A damina daga kudu maso yamma take kaɗawa, tana ƙara ƙarfi bayan azahar. In ka ga farin kumfa ya bazu a kan ruwa, ta kai kilomita 20 a awa ko fiye. In hasashe ya haura 30, ƙaramin jirgi ya zauna a gida. Hadarin gabas kun san shi tun daga gida, a farkon damina da ƙarshenta ya fi zafi. Bambancin kawai, a teku babu rumfar da za a fake, don haka da ka hango baƙin nan a gabas, ka juyo tun bai rufe ka ba.

Ku kuma fasinjoji, don Allah a taimaka mana. Hukumar LASWA ta wajabta rigar kariya, amma kullum ina ganin ana rataya ta a wuya ba a ɗaure ba, da an faɗa ruwa sai ta zame ta kai. Rigar babba ba ta yi wa yaro, a nemi daidai shi. Malam, in direba ya ce a jira ruwa ya juya, kada ka matsa masa don ka riga ka biya kuɗi. Yawancin direbobin yara ne masu jin nauyin manya, kuma na san da yawa da suka fita ba da son ransu ba saboda wani dattijo ya ɗaga murya. Kafin a tashi, a sanar da wani a tudu inda aka nufa da lokacin dawowa, a sa waya cikin leda a ɗaure a jiki, a kuma tsara tafiya yadda za a sauka kafin magariba.