Yadda A Ke Gane Shekarun Tsohon Gida Lokacin Gyara

Idan ruwa ya ɗauke, kaka ta yi, magina su kan shiga gyaran abin da damina ta ɓata. A Kambaza da Gwandu da Kalgo ba a rasa tsohon zaure ko soro wanda mutanen gari za su ce tun zamanin Jihadi ya ke tsaye. An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu su san abin da za su duba in an zo gyaran irin waɗannan gidaje, gama ba a ganin cikin bango sai ran da aka kankare yaɓe. Da zarar an mayar da sabo, an rufe shaida ke nan.

Da farko sai a gane shekarun gida daban, shekarun bango daban. Gidan Makama na Kano ya isa misali. Ana danganta asalinsa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa, daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani gidan tarihi. Gidan na Rumfa ne, amma ba mai hankalin da zai dafa kowane bango ya rantse Rumfa ya gan shi. Ginin ƙasa kullum cikin sabuntawa ya ke. Haka nan a ƙasar Gwandu: Shehu Usmanu ya sauka Gwandu a 1805, to, mai yiwuwa ne harsashin gida ya kai wannan zamani, alhali kuwa rufinsa na jiya ne.

Malamin da aka aika ya fara da duba tubali. Na dā da hannu a ke mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini. Bulo mai kusurwa huɗu na zamanin Turawa ne. Sa'an nan ya dubi kusurwar da bango biyu su ka haɗu. In tubalansu sun sarƙe da juna, tare aka gina su. In kuwa akwai tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, ɗaya jingina shi aka yi, watau shi ne ƙane. Ƙofar da aka toshe ita ma ta kan bayyana, ta nuna inda hanya ta ke a dā. Kwano da ƙusa da siminti ba su yawaita ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a ƙauyuka ma sun daɗe ba su iso ba.

Daɓe ya fi bango faɗin gaskiya. Sau da yawa a kan yi sabon daɓe bisa tsoho, har hawa uku ko huɗu. In an tsinci anini ƙarƙashin daɓe, sai a karanta shekarar da ke jikinsa. An fara buga anini a 1907, saboda haka daɓen da ke bisansa ba zai riga wannan shekara ba, ko da mai gida ya ce kakansa ne ya yi shi. Wuri ba ya yanke hukunci haka, domin an daɗe ana hannu da shi bayan zuwan kuɗin Turawa. Lalle a rubuta hawan da aka sami abu kafin yara su ɗauke; anini a aljihu anini ne kawai.

Azara ita ce mai ruɗin mutane. Giginya ba ta da zoben shekara irin wanda masana ke ƙirgawa a itacen Turai, gara kuma ba ta cika cinta ba, don haka magina kan cire ta daga rusasshen ɗaki su sa a sabo. Tsohuwar azara ba ta tsofar da soro. Salon gini ma haka: Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846, amma magina ba su daina ɗaurin guga da bakan gizo ba bayansa.

Game da tsofaffi, kada a tambaye su shekara nawa, gama kunya za ta sa su ce ɗari biyu. A tambaye su zamanin wane sarki, kuma wa ya gaya musu. In sun ce zamanin Halilu, malami ya san tsakanin 1833 da 1858 ke nan. In sun ce bayan yaƙin Satiru, 1906. In shekarar babbar yunwa, 1914. A ji mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai, har da tsofaffin mata, don su ne su ka san ɗakin da aka ƙara saboda auren wance. Inda bakin mutane ya saɓa da bango, a rubuta duka biyu, kada malami ya gyara ɗaya don ya dace da ɗaya.

Malami ya zana fasalin gidan, ya auna kowane ɗaki, ya ɗauki hoto kafin yaɓe da bayansa, ya sa kwanan wata. Kofe ɗaya ya zauna ofishin hakimi, ɗaya ya tafi fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. In gidan mai daraja ne ƙwarai, hakimi ya roƙi mai shi ya dakatar da rushewa, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta aiko ma'aikacinta ya gani.